Aikin Hannu a Gida: Gyaran Alƙalamin Itace

Tun da hunturu ya kama, yawancin tambayoyin da a ke aiko wa wannan fili a kan kayan itace su ke. Wani ƙyauren ɗakinsa ne ya buɗe baki har ana hango tsakar gida, wata turminta ne ya dare, waɗansu kuwa bencin majami'arsu ne ya saki ƙafa. Za mu zo kansu ɗaya ɗaya in Allah ya bar mu. Amma a wannan wata mun ware wani ɗan ƙaramin abu wanda ɓacin ran da ya ke jawowa ya fi girmansa, watau alƙalamin itace, irin wanda a ke sassaƙawa da hannu a kan injin nan mai juya itace.

Da yawa cikinmu mun san shi. Masu zuwa ziyara Ƙasa Mai Tsarki su kan komo da shi tsaraba, na itacen zaitun, gama sassaƙar zaitun tsohuwar sana'a ce ta Kirista mazauna Baitalami. A kan kuma ba da shi kyauta ran sallamar fasto ko malamin makaranta, wani lokaci har da suna a zane a jikinsa. Biron roba in ya ƙi rubutu jefarwa a ke yi a sayi wani. Wannan kuwa ba ya jefuwa, domin akwai wanda ya bayar, kuma ana tunawa da shi. Shi ya sa in ya tsage, ko ya ƙi murɗuwa, mai shi ya kan ruga kanti ya sayo Super Glue ya tsiyaya masa ko ta ina. A ganinmu alƙaluman da gam ya kashe sun fi waɗanda hunturu ya kashe yawa. Saboda haka roƙonmu na fari shi ne a ajiye gam tukuna, a nemi inda cutar ta ke.

Kafin a gane cutar, sai a san yadda a ka haɗa shi. Mai dubawa daga waje ya kan zaci itace ne zalla. Ba haka ba ne. Mai sassaƙa ya kan ɗauki guntayen itace biyu, ya huda kowanne ta tsakiya, ya shafa gam, ya zura bututun tagulla a ciki. In gam ya bushe sai ya ɗora su a kan inji, itacen yana juyawa da sauri, shi kuwa yana fiƙe shi da kaifin ƙarfe har ya kai kaurin da ya ke so. A siririn alƙalamin da ya fi yawa a hannun mutane, faɗin ramin milimita 7 ne, kaurin alƙalamin a bakin kowane guntu kuwa bai kai milimita 8 da rabi ba. Ku yi lissafi da kanku. Itacen da ya rage kewaye da tagullar bai cika milimita ɗaya ba. Riga ce kawai ta itace a jikin ƙarfe.

Sauran kayan duka daga masana'anta su ke zuwa, mai sassaƙa saye ya ke yi. Akwai hancin ƙarfe inda bakin rubutu ke leƙowa. Akwai wani ɗan ƙarfe a tsakiya wanda in an murɗa shi ya ke turo bakin ko ya janye shi, bari mu kira shi mamurɗi. Akwai zobe a ƙugu, da maƙali na rataya a aljihu, da 'yar hula a ka. A ciki kuma akwai abin tawada wanda a ke sakewa in ya ƙare, shi za mu kira hanjin biro. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, hanci da mamurɗi da hula ba gam ke riƙe da su ba. Danna su a ke yi da ƙarfi cikin bututun tagulla su kama. Guntun sama kuwa zura shi kawai a ke yi a kan mamurɗi, in an ja shi a miƙe zai fito, haka a ka yi shi.

In ya ƙi rubutu

Wannan ba cutar itace ba ce, kuma ba za mu daɗe a kanta ba. A bakin hanjin akwai ɗan ƙwallon ƙarfe ƙanƙane, yawanci milimita ɗaya ko ƙasa da haka, shi ke birgima yana ɗauko tawada yana shafa wa takarda. Wani ɗan jarida mutumin ƙasar Hangare mai suna Laszlo Biro ne ya yi rajistar wannan dabara a 1938, daga sunansa kuma mu ka sami kalmar biro. In alƙalami ya daɗe a ajiye, tawada ta kan sandare a kan ƙwallon. Ku zare hanjin, ku tsoma bakinsa cikin ruwan ɗumi minti biyu ko uku, ku goge, sa'an nan ku gwada a kan roba, kamar gindin silifa, domin roba tana kama ƙwallon ta juya shi. Kada ku kai shi bakin ashana yadda 'yan makaranta ke yi. In bai tashi ba, ya mutu, a sake wani.

Sai dai a tafi kanti da tsohon a hannu, gama iri biyu ne su ka fi yawa kuma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Siririn alƙalami yana cin irin na Cross, siriri mai kan roba da a ke murɗawa cikin mamurɗi. Mai kauri kuwa yawanci irin na Parker ya ke ci, mai tsawon kimanin milimita 98, wanda ke tafiya da ɗan sifirin a bakinsa. Sifirin ɗin nan ya iya tsalle. Ku kwance alƙalamin a kan faranti ko tire, ba a tsakar gida a kan yashi ba.

In baki ya ƙi fitowa, ko ya ƙi komawa

A nan ma a fara da mai sauƙi. Ku ja guntun sama ya fita, ku duba ko hanjin ya murɗu har ƙarshe. Sau da yawa shi ke nan laifin, ya sassauta ne, juyi biyu ya isa. Ku kuma ɗaga hancin ku leƙa ta wajen haske, ko ƙurar aljihu ko busasshiyar tawada ta toshe shi. Tsinken sakace ya isa ya share.

In duk wannan lafiya ne amma bakin yana leƙowa ɗan kaɗan ƙwarai, har hancin ƙarfe yana kartar takarda, to mamurɗi bai shiga da zurfi sosai ba. Bakin rubutu ya kamata ya fito kamar milimita biyu zuwa uku, in kuma an murɗa baya ya ɓace sarai. Gyaransa shi ne a ƙara danna mamurɗin ciki kaɗan. Ku cire hanjin tukuna. Ku kai guntun ƙasa wurin kafinta mai mamatsin ƙarfe a teburinsa, a sa ɗan katako gaba da baya don kada hanci ya lotse, a daidaita shi sosai a miƙe, a matsa kamar kaurin farce, a saki, a mai da hanji a gwada. In bai kai ba a sake. Ko sau biyar ne a yi. Dalilin wannan wahala shi ne, turawa ciki da sauƙi, komowa da shi baya ne aiki. Guduma kuwa ba ta da wuri a nan, domin ba ta san awo ba.

In an riga an zarce, watau baki ya ƙi komawa ciki gaba ɗaya yana ɓata aljihun riga, sai an fitar da hanci kafin a iya turo mamurɗi baya. Ku nemi siririn ƙarfe da zai wuce ta cikin mamurɗin, kamar sandar walda ta milimita biyu da rabi wadda a ka kankare. Ku naɗe itacen da robar tayar keke don ya riƙu a hannu, ku zura sandar ta baya, ku karkata ta kaɗan ta tokari gefen hancin daga ciki, ku riƙa bugawa a hankali kuna zagayawa har hancin ya faɗo. Yanzu hanya ta buɗe. Ku zura ƙarfe mai kaurin milimita 6, gindin bakin huji ya yi daidai, ta wajen da hancin ya fito, ku ɗan buga mamurɗin ya koma baya gwargwadon bukata, sa'an nan a mai da hanci da mamatsi. Ba za mu ɓoye muku ba, wani lokaci mamurɗi ya kan lalace a wannan aiki. In alƙalamin yana da daraja ƙwarai a wurinku kuma hannunku bai saba da ƙananan abubuwa ba, mai gyaran agogo ya fi kafinta dacewa da shi.

Akwai kuma wanda kansa ke juyawa fayau, ba abin da ke motsi. A nan ne mutane su ka fi yin ɓarna da gam, gama cuta uku ce mai kama ɗaya. Ku cire guntun sama ku murɗa mamurɗin da yatsu. In shi kansa yana juyawa duka har da gindinsa, to ya saki a cikin bututun ƙasa, sai a fitar da shi yadda mu ka faɗa, a ɗan shafa gam a gindinsa na tagulla kaɗai, a mayar. In yana aiki daidai, laifin yana sama. Ku leƙa cikin guntun sama, ku sa ɗan yatsa ko fensir ku taɓa bututun. In bututun yana zaune daram a cikin itace, to ya yi wa mamurɗi yawa ne kawai, kuma zagaye ɗaya na siririn tef a jikin mamurɗi, ko shafin jan farce marar launi da a ka bari ya bushe sarai kafin a mayar, ya kan isa. Wanda ya zuba gam a nan ya rufe ƙofa ya jefar da mabuɗi, gama ran da tawada ta ƙare ba ta inda zai sake hanji. In kuwa bututun ne ke yawo a cikin itacen, to tsohon gam ya saki, a nan ne a ke bukatar sabo. Ku zaro bututun, ku karce bayansa da sanfefa har ya yi kaushi, ku toshe bakinsa da ɗan kakin kyandir don kada gam ya shiga, ku shafa gam mai haɗi biyu irin Araldite, ku zura kuna juyawa, ku daidaita baki da baki, ku bar shi kwana guda cur.

Tsagewa

Yanzu mun zo ga babbar magana. Itace ko an sare shi shekara hamsin bai daina shan laima daga iska yana kuma sakinta ba. In laimar iska ta kai kashi 80 cikin 100, kamar yadda ta kan yi a tsakiyar damina, ruwan da ke cikin busasshen itace ya kan kai kimanin kashi 16 cikin 100. In ta sauka zuwa kashi 20, abin da ba baƙo ba ne a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi da hunturu, sai ruwan ya koma tsakanin kashi 4 da 5. Da shigar ruwa itace ke kumbura, da fitarsa ya ke tsukewa. Tsukewar kuwa ba ta tsawo ba ce, a tsawo kusan ba ya motsi. Ta faɗi ce, watau daidai ta inda ya rungumi bututun tagulla. Tagulla kuwa ba ruwanta da hunturu ko damina. To, riga tana tsukewa, jikin da ke ciki ya ƙi ragewa, rigar kuma ba ta kai milimita ɗaya ba. Me ya rage? Sai ta yage.

Zafi yana ƙara abin. Alƙalamin da a ka bari a gaban mota da rana yana shan duka biyu a lokaci guda, itace yana bushewa yana tsukewa, tagulla kuwa zafi yana ɗan buɗa ta. Yini ɗaya ya isa.

Muna so a lura da wannan sosai, domin ya shafi zumunci. Mun ji ana cewa wanda ya kawo tsarabar ya sayo mai araha ne, ko kuma masu sassaƙar sun cuci baƙi. Mai yiwuwa ne a sami wanda ya yi aiki da ɗanyen itace, ba mu ce babu ba. Amma alƙalamin da a ka yi da gaskiya, da itacen da ya bushe daidai da iskar wata ƙasa, yana iya zuwa nan ya tarar da iskar Janairu ya tsage, ba laifin kowa. Zaitun ma itace ne da masassaƙa su ka sani da saurin tsagewa. Kada ɗan layi kamar gashi a jikin alƙalami ya sa mu ɓata wa ɗan'uwa suna, ko mu riƙa ɓoye kyautarsa in ya zo gaisuwa. Akwai dai alama ɗaya da ke nuna hannun mai haɗawa. Gajeriyar tsaga da ta taso daga baki, daidai inda a ka danna hanci ko hula, kuma tun alƙalamin yana sabo, yawanci ragowar gam ce a ka bari a cikin bututu, ƙarfe ya shiga da ƙyar ya buɗa tagulla, tagulla ta fasa itace. Doguwar tsaga mai bin jijiyar itace wadda ta bayyana da shigowar sanyi kuwa aikin iska ne.

Yaya za a gyara? Hankalin mutum ya kan ba shi ya matse tsagar ta haɗu ya sa gam. Kada ku yi. Ba inda itacen zai tafi, tagulla tana ciki. Waɗansu kuma su kan ce a jira damina ta rufe da kanta sa'an nan a manne. Za ta rufe kam, amma hunturu mai zuwa zai buɗe wata a gefenta, gama rigar har yanzu ta yi wa jikin kaɗan. Cikewa a ke yi, ba matsewa ba, kuma yanzu ne lokacinsa, sa'ad da tsagar ta buɗe iyakar buɗewarta. In ta fito jiya, ku ba ta mako biyu ta gama tafiyarta.

Ku cire hanji da guntun da ba ya ciwo ku ajiye nesa. Ku rufe hanci da zobe da tef na takarda, ku kuma manna tef a gefe da gefen tsagar, ku bar ta ita kaɗai a fili. Ku share cikinta da busasshen buroshin haƙori. Sa'an nan ku nemi garin itace mai laushi kamar garin tuwo, wanda launinsa ya yi kusa da na alƙalamin. Ba na bakin zarto ba, wannan ya yi tsakuwa. Ku goga guntun itace a kan sanfefa ku tara abin da ya zubo. Ku sani gam yana ƙara wa gari duhu, don haka ku zaɓi wanda ya ɗan fi haske. Ga zaitun, tun da ya ke yana da jijiyoyi masu duhu a jikinsa, cikon da ya yi duhu ya kan ɓace a cikinsu kamar da shi a ka halicce shi. Ga baƙin itace, garin gawayi ya yi.

Ku cusa garin cikin tsagar da bakin reza. Ku ɗiga Super Glue mai ruwa-ruwa a kan wata leda, ku ɗauko da tsinin allura, ku taɓa tsagar. Zai bi ta da kansa ya shige. Kada ku ɗiga kai tsaye daga kwalba. Ku bari ya bushe, ku ƙara gari, ku ƙara gam, har cikon ya ɗan ɗara jikin itacen tudu. Ku bar shi ya kwana. Washegari ku cire tef, ku tsai da reza a tsaye ku kankare tudun a hankali, kankara ba yanka ba. Daga nan sai sanfefa mai laushi, irin ta masu fentin mota, lamba 400, sai 600, sai 1000 ko fiye, kullum kuna bin tsawon itacen. Ku tuna da kaurin rigar. Wanda ya ji daɗin guga ya zarce zai ga tagulla ta leƙo, wannan kuwa ba ya gyaruwa sai an sake itace. In akwai suna a zane kusa da tsagar, shawararmu ita ce ku kankare da reza kaɗai ku tsaya nan. Gara ɗan tabo da sunan da ya goge.

Iyaye mata, ga naku. Wannan gam wani masani Ba'amurke mai suna Harry Coover ne ya gano shi a 1942, kamfanin Eastman Kodak kuma ya fara sayar da shi a 1958. Laima ce ke sa shi kamawa, shi ya sa ya ke manne fata nan take. In ya haɗe yatsu kada a fizge, a jiƙa cikin ruwan ɗumi da sabulu ana murzawa a hankali, ko a sa ruwan goge jan farce. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa, kada a buɗe fatar idon da ƙarfi, a tafi asibiti. Kada a goge wanda ya zube da auduga ko tsumman auduga, gama haɗuwarsu tana ta da zafi har ta ƙona hannu. Kwalbarsa kuma ta yi kama da ta maganin ɗigawa a ido, kuma an sha samun waɗanda su ka ɗauki wannan a maimakon wancan. Kada su kwana a kwando ɗaya, kada kuma a bar shi inda yaro zai kai.

Sheƙi da launi

Masu sassaƙa ba shafi ɗaya su ke yi ba. Waɗansu wannan gam ɗin su ke shafawa hawa hawa a kan inji su goge har ya yi kamar gilashi. Waɗansu kuwa mai da kaki kawai su ke sawa, wanda gumin hannu ke cinyewa cikin watanni. Mai kama da gilashi in ya dushe, ɗan farin man goge baki a kan tsumma mai laushi ya kan komo da sheƙinsa. In ya yi fari-fari kamar hazo a bakin guntu, laima ce ta shiga ƙarƙashin shafin ta ɗaga shi, kuma gyaran gaske sai an mai da shi kan inji an sake shafi. Ruwan goge jan farce yana narkar da irin wannan shafi, kada ya taɓa shi. Mai mai da kaki kuwa, kakin zuma kaɗan a murza da tafin hannu har ya yi ɗumi, a goge. Ban da man gyaɗa ko man girki, za su yi ɗoyi su kama datti. Ruwan zinariyar da ke jikin maƙali da hanci kuma bai kai kaurin fatar albasa ba. Brasso zai cinye shi tas. Tsumma busasshe ya isa. In maƙali yana yawo, hula ce ta sassauta, a ɗan ƙara danna ta a mamatsi.

Ga 'yan'uwa masu injin

Akwai matasa a ikkilisiyoyinmu da su ka koyi juya itace, suna yin ƙafafun tebur da na gado, waɗansu kuma sun fara gwada ƙananan abubuwa irin wannan. Muna murna da haka. A Littafin Fitowa sura 31, sassaƙar itace tana cikin gwanintar da Allah ya ba Bezalel domin aikin alfarwa, Markus kuma a sura 6 ya nuna mana mutanen garin Ubangijinmu da sassaƙa su ka san shi. Sana'a ce mai asali. Amma yawancin cututtukan da mu ka lissafta a sama a teburinku a ke shuka su, kuma a can ne ya fi sauƙi a hana su.

Itace ya bushe tukuna. Masassaƙa su kan ƙiyasta shekara guda ga kowane inci na kauri. Ku yanka shi ƙanana, ku shafe kan kowanne da kakin kyandir don kada ya tsage ta baki, ku ajiye a inuwa, ku riƙa aunawa a sikeli. Ran da nauyi ya daina raguwa mako bayan mako, ya kai. Wanda a ka sassaƙa da hunturu ya fi wanda a ka sassaƙa a Agusta zama lafiya, domin ya riga ya tsuke iyakar tsukewarsa kafin ya rungumi tagulla. Wajen huji ku tafi a hankali kuna fitar da gari, gama zafin huji kaɗai yana fasa itace mai tauri kamar kanya. Itace mai maiƙo, a goge cikin ramin da ruwan goge jan farce ya bushe kafin a sa gam. Ku karce bututu. Ku daidaita bakin kowane guntu ya zauna sak a kan bututunsa, in ba haka ba za a ga rata a gefe ɗaya na zobe. Kada ku ɗaure sandar da ke riƙe da guntayen a inji fiye da kima, za ta lanƙwashe, alƙalami ya fito da ciki ta gefe guda. Kafin ku danna ko wane ƙarfe kuma, ku leƙa cikin bututu ku kankare ko ɗigon gam ɗaya ne.

Itatuwanmu ba su gaza na kowa ba. Maɗaci yana da sauƙin aiki da jan launi mai kyau, kawo da ƙirya suna da tauri da nauyi, maɗobiya kuwa kyanta ne ya jawo mata masifa. An sare ta da yawa ana kaiwa ƙasar Sin, har a 2016 a ka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa cinikinsu ido tsakanin ƙasashe. Alƙalami guda ba ya cin itacen da ya fi tsawon tafin hannu, saboda haka ba dalilin sare ko reshe. Ragowar da ke zube a ƙarƙashin teburin kafinta, ko ƙafar tsohuwar kujera da ta shekara talatin tana shan hunturu, ta fi sabon itace kyau ga wannan aiki. In kuma an kawo muku wanda itacensa ya farfashe sarai, kada ku ce a jefar. Ku fitar da ƙarafan, ku ɗora guntun a inji ku fiƙe tsohon itacen har tagulla ta fito, ku yi mata sabuwar riga. Sai dai ku gaya wa mai shi tun da fari cewa ba itacen Baitalami zai karɓa ba, ya zaɓa da kansa ko ya fi son tsohon da tabonsa.

Ga wanda nasa bai tsage ba tukuna, wurin kwanansa aljihun tebur ne ko cikin akwati, nesa da taga, nesa da murhu da kaskon jin ɗumi. In sabo ne daga wata ƙasa kuma da hunturu ya iso, ku bar shi cikin 'yar jakar leda mako biyu ko uku, kuna ɗan buɗe bakinta, don ya saba da iskarmu sannu a hankali. Kada a wanke shi da ruwa, kada kuma a manta shi a aljihun rigar da za ta shiga wanki.

Wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu ɗauki batun bencin majami'a da ya saki ƙafa. Masu tambaya a kan turmi su ɗan ƙara haƙuri.